Daren da Na Ci Oska a Zauren Gidana

Shekara ashirin da huɗu na yi ina cin albarkacin magana ɗaya a majalisarmu ta bakin teburin Mai Shayi. Da zarar musu ya kaure a kan 'yan fim, sai in gyara zaman hula, in kurɓi shayi, in ce, "Ku bi a hankali, a gaban wanda ya taɓa yi kuke magana." Sai wuri ya yi tsit. Kuma ba ƙarya na yi ba. A 2001, ina saurayi, kafin in rungumi keken ɗinki hannu biyu, na fito a wani fim na kaset. Duk wanda ya tambaye ni a me na fito, amsata ɗaya ce: mai harkar kaji. In ya matsa sai ya gani da idonsa, in ce masa ai ya san halin kaset, damina ɗaya ta ishe shi ya yi funfuna.

Da wannan lasisi na zama alƙalin fina-finai na layinmu. Ni ne mai tuna wa yara cewa sunan Kannywood ya fito a mujalla tun 1999, shekara uku kafin a raɗa wa Nollywood nata. Ni ne mai ba da labarin silimar Plaza da Orion da Marhaba, da yadda ake zama a benci ana ɓare gyaɗa ana yi wa bos ihu. Ko ban san abu ba, ba na rasa ta cewa.

Saboda haka ranar da rediyo ya faɗa, wajen ƙarshen 2024, cewa Najeriya ta zaɓi fim ɗin Hausa, Mai Martaba, ya wakilce ta a gasar Oska ta Amurka, kowa ni ya juyo ya kalla, sai ka ce da ni aka yi shawara. Ban kuwa ba su kunya ba. Na bayyana musu cewa rukunin na fina-finan ƙasashen waje ne, sharaɗinsa kada Turanci ya rinjaya. Na tuna musu 2019, lokacin da Najeriya ta tura fim karo na farko aka dawo mata da abinta saboda Turancin ciki ya yi yawa.

Na ce, "To yanzu fa? Ga Hausa, ga sarauta, ga rawani. Da wane baki za su hana mu?"

Ticha ya ce shi dai ya ji ƙasashe sama da 80 ne suka tura nasu. Na ce masa ko ranar Hawan Daushe dawaki ba su ƙirguwa, amma laima ɗaya ake hange. Aka yi shewa. Daɗin shewar nan ne ya ɗebe ni na rantse cewa daren da za a ba da kyautar, a zauren gidana za a kalla kai tsaye, kuma duk hidima a wuyana.

Ranar ta faɗo Lahadi, 2 ga Maris 2025, an kai azumi na biyu. Su can birnin Los Angeles da ƙarfe 4 na yammarsu za su fara, mu nan ƙarfe 1 na dare ke nan. Da na yi wa Uwargida bayani, sai ta ajiye ludayin kunu ta dube ni.

"Malam, jama'a na neman lada, kai kana neman Oska?"

Na ce mata ai bayan tarawihi ne, kuma taimakon al'umma zan yi, don duk wanda ya zo babu shi babu makarar sahur. Ba ta ce komai ba. Yanzu da nake tunawa, murmushin da ta yi ya kamata ya tsorata ni.

Injiniyan aikin shi ne ɗan yayata da ke zaune a wurinmu yana karatu, muna ce masa Auta. Shi ya rubuto min lissafi a bayan kwalin sabulu. Igiyar haɗa kwamfuta da talabijin, a titin Beirut, naira 4,000. Fetur lita biyar, kowace lita tana leƙen naira dubu. Data giga goma, kuma ya ja min kunne cewa tun watan Janairu aka amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kashi 50 cikin ɗari, kada in zo ina yi masa lissafin bara. Sai tsire, sai lemo, sai ƙanƙara, wadda a watan azumi ta fi ɗan sarki tsada. A ƙasan kwalin ya rubuta "kuɗin fasaha, 2,000". Na tambaye shi mece ce fasahar, ya ce shi ne zai nemo shafin da ake nunawa. Da na tattara sai ga naira 30,000 da ɗoriya, kuɗin ɗinkin kaftani shida, kuma na Sallah da mutane suka ba ni kafin alƙalami.

A nan fa na tsaya na yi tagumi. Mu da muka tashi da kaset, naira 20 kake ba mai shagon haya ya ba ka fim ka kwana da shi. Gidan Alhaji ɗaya ne mai bidiyo a duk layin, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, mata a gefe, yara a gaba, waɗanda ba su yi wanka ba su leƙa ta taga. Mutum arba'in su sha kallo da naira 20, kuma in mai shago bai matsa ba gobe a maimaita. In ka ji kuɗi na yi maka ƙaiƙayi ka shiga Ƙofar Wambai ka sayi naka na kanka, ka kalla har ka haddace tarin jarumi. Daga baya faifan CD ya zo, wanda in ya maƙale a daidai wurin da za a tona asiri sai ka ciro shi ka hura masa iska ka goge da gefen riga. Shi ma ya wuce, aka koma masu tura fim a waya, ka miƙa memori da naira 50 a cika maka. Yanzu kuwa yara sai su ce maka, "Kawu, ai kyauta ne a YouTube." Wannan kyauta ita ce ka kalla ka biya, ka sake kalla ka sake biya, ranar da ba ka da ko sisi ba ka da fim. Sau ɗaya na kai Uwargida silimar zamani ta cikin wani katafaren kanti, kuɗin guggurun da suka sayar mana ya fi na kwanon masara, tun daga nan ban koma ba.

Amma baki shi ke yanka wuya. Na biya.

Ƙarfe 12 da rabi zaure ya cika. Mai Shayi ya zo da filas biyu. Direba ya zo. Ticha ya zo da tabarau, don shi ne tafinta. Baba Tsoho, maƙwabcinmu da ya yi ritaya daga aikin reluwe, ya zo da carbinsa ya ce shi ba kallo ya kawo shi ba, zafi ne ya hana shi barci. Samarin layi kuma suka jeru a bakin ƙofa kowa da wayarsa a hannu. Na ga suna yi wa Auta raɗa yana gyaɗa kai, na ɗauka gaisawa suke.

Inji ya tashi, hoto ya fito tar. Abin da muka fara cin karo da shi matan Amurka ne suna shiga zauren taro cikin tufafin da a matsayina na tela na tabbata yadi ne bai isa ba. Baba Tsoho ya saki salati. Nan take na aika cikin gida aka karɓo faifan da Uwargida ke rufe ƙwaryar fura, na ɗora wani yaro a kan aiki: da ya ga abin da bai dace da watan ba, ya kare fuskar talabijin. Yaron nan ya yi aiki a daren nan fiye da injin. Direba ya ce a tarihin kallonsa wannan ne faifai na farko da bai taɓa maƙalewa ba.

Aka fara. Wani dogon Bature ya fito yana ta zuba, mutanen can suna ƙyaƙyatawa, mu muna kallon Ticha. Ticha ya ce barkwanci ne amma ba ya fassaruwa. Aka kira mutum na farko, ya karɓi ɗan gunkin nan mai ruwan zinare, ya yi magana mai tsawo. Ticha ya ce, "Yana gode wa babarsa." Aka kira wata, ta yi kuka. "Tana gode wa babarta." Na uku da ya hau, tun kafin ya buɗe baki majalisa ta amsa gaba ɗaya, "Yana gode wa babarsa!" Ticha ya cire tabarau ya ce in mun iya mu ci gaba da kanmu.

Ba a jima ba aka ba wani fim ɗin zane kyauta, na ƙasar Latbiya, labarin wata baƙar mage da ambaliya ta ci garinsu. Auta ya ce daga farkonsa har ƙarshe babu mai cewa uffan, sai kukan dabbobi. Mai Shayi ya ce to in mage ta samu, mu da muka zo da sarki sukutum ai sai dai a ba mu biyu. Na ce masa yanzu ya fara fahimtar harkar.

Daga nan dare ya miƙe. Kyautar masu ɗinkin kaya, wadda ita kaɗai na tafa wa da zuciya ɗaya. Kyautar masu kwalliya. Kyautar masu sauti. Waƙa. Talla. Wata waƙar. Tsire ya ƙare tun ƙarfe 2. Lokaci zuwa lokaci hoto ya tsaya, wani ɗan zobe ya fito tsakiya yana juyawa, Auta ya ce "sabis ne", mu yi jugum har ya saki. Baba Tsoho, wanda ba kallo ya kawo shi ba, ya matso har gwiwarsa na taɓa teburin talabijin. Duk minti goma sai ya ce, "Tela, ina namu?" In ce, "Baba, ai babban goro sai magogin ƙarfe. Manya a ƙarshe ake kiransu."

Wajen ƙarfe 4 Ticha ya miƙe zumbur. "Ga shi nan! Fim ɗin ƙasashen waje!"

Na tashi tsaye na gyara babbar riga, don har ga Allah na shirya 'yar gajeriyar magana da zan yi a madadin masana'anta. Aka fara jero su. Barazil. Denmak. Faransa. Jamus. Sai ga baƙar magen nan ta sake leƙowa.

Direba ya ce, "Kai, wannan magen da wa ta sani?"

Muka jira na shida. Babu na shida. Matar da ke kan dandamali ta ɗauko ambulan. Na ce kada kowa ya damu, wata ƙila namu a cikin ambulan ɗin yake, irin girmamawar nan. Ta sa hannu za ta buɗe ke nan, ɗan zoben nan ya fito. Ya juya. Ya juya. Ya ci gaba da juyawa. Sai wayar Auta ta yi ƙara, ya duba, ya ce cikin ladabi, "Kawu, data ta ƙare."

Giga goma! Na waiga bakin ƙofa, sai na ga samarin nan tara suna mayar da wayoyinsu aljihu a lokaci ɗaya, kamar sojoji a fareti. Ashe raɗar da na gani lambar sirri ake rabawa. Tun ƙarfe 12 da rabi nake ciyar da TikTok ɗin layinmu ban sani ba. Na ce a sayi wata, banki a waya ya ce in sake gwadawa an jima. Na sake gwadawa, ya cire kuɗin, datar ba ta zo ba.

Baba Tsoho ya ce, "To wai namu ɗin fa?"

Auta ya sosa ƙeya. "Ai Baba, namu tun Disamba ya fita. Turawa kawai aka yi. A cikin sama da 80 ɗin nan suke tace 15, sannan a Janairu su fitar da biyar. Ko a 15 ɗin ba mu shiga ba."

Na ji zauren ya yi min faɗi. Na ce, "Kai Auta, ka san haka tun Disamba?"

"E, Kawu."

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Ba ka tambaya ba, Kawu. Kuma ka ce za ka sayi data."

Ban san abin da zan yi wa yaron nan ba da a ce sallamar Uwargida ba ta katse ni ba. Ta tsaya daga bayan labule ta ce ta ji baƙi sun kwana ba su ga fim ɗin Hausa ba, kuma bai kamata a tashi haka ba, ga sauran lokaci kafin assalatu. Sai ga yara biyu sun fito da kwali. A ciki akwai tsohon bidiyon da aka kawo ta da shi cikin kayan ɗaki, wanda na ɗauka 'yan gwangwan sun daɗe da narkar da shi. A kansa kuma ga wani abu naɗe cikin tsohuwar atamfa yana ƙanshin kafur. Tun kafin a warware na gane shi. Gabana ya faɗi.

Na shiga daga ciki na rage murya. "Maman Yara, ba na ce ki ƙona shi ba?"

"Da kuɗina na saya, Malam, naira 250 a Ƙofar Wambai, lokacin da kake zuwa zance kana ce min kai jarumi ne. Na kalla tun kafin a kawo sadaki. A hakan na aure ka."

Na fito ina kawo dalilai na fasaha. Na ce sabuwar talabijin ba ta da ramin igiya mai ja da fari da ɗorawa. Aka ce akwai tsohuwa mai ƙusumbi a sito, wadda ake ɗora buhun gero a kai, samari huɗu suka cicciɓo ta. Na ce kan bidiyon ya yi datti. Direba ya kwance murfin da wuƙar tsire, ya tsoma takarda a fetur ya goge shi kamar jiya ya bari. Na ce to man inji ya kusa ƙarewa. Ban rufe baki ba masu wuta, waɗanda suka kwana uku ba su leƙo mu ba, suka ga wannan ne lokacin da ya dace. Fanka ta juya, yara suka yi ihu.

Na'urar da ta shekara ashirin a kwali ta haɗiye kaset ɗin ta yi gyaran murya, hoto ya ɗan yi layi-layi, sannan ya zauna daram. Babu zobe, babu sabis, babu lambar sirri. Aka tura gaba aka wuce waƙa ta farko, aka wuce ta biyu. Uwargida daga bayan labule ta ce, "Ku tsaya nan."

Wata katanga ce ta ƙasa. Sai ga wani siririn yaro mai wuya kamar mariƙin lema ya diro daga kanta, da zakara a cikin riga, wutsiyar ta leƙo ta wuyan rigar. Ya zura da gudu, mazugin wando ya tsinke, ya kama wando da hannu ɗaya, zakara ya tsere ta ƙasa. Wata tsohuwa ta tare shi da taɓarya. Ya durƙusa ya ɗaga hannu sama ya ce, "Wallahi tsintarsa na yi!" Taɓarya ta sauka. Aka yanke.

Daƙiƙa goma sha ɗaya. Ticha ne ya ƙirga a agogonsa, a kallo na uku.

Ban taɓa sanin Baba Tsoho yana da sauran haƙora ba sai a daren nan. Mai Shayi ya kwanta a tabarma yana dukan ƙasa yana cewa, "Mai harkar kaji! Wallahi bai yi ƙarya ba!" Na ce su lura da yadda na yi faɗuwar, ba kowa ne zai iya ba, kuma taɓaryar ta gaske ce. Direba ya ce a tura ƙarshe a ga sunaye. Na ce ba sai an yi ba. Aka tura. Sunana ya fito, har da kuskuren harafi, a gabansa an rubuta "Ɓarawo na 2".

"Ashe ma akwai na ɗaya," in ji Ticha. "Ko a nan ɗin ma ba kai ka zo na farko ba."

Baba Tsoho ya ce bai halatta a kwana ana kallon rabon kyauta a tashi ba a ba kowa ba. Ya ɗauki butar alwala ta roba, mai ruwan ɗorawa, ya ce ita ta fi kusa da zinare a zauren. Ya miƙe da ƙyar, ya yi gyaran murya, ya sanar da cewa a rukunin ɓarayin kaji na ƙasashen waje, Tela ne ya yi nasara. Aka tafa. Na karɓa, don ba a mayar wa dattijo hannu. Majalisa ta ce sai na yi jawabi. Na buɗe baki, suka riga ni gaba ɗaya: "Yana gode wa babarsa!"

A tariya ta shida Allah ya ji ƙaina. Bidiyon ya yi wani ƙara kamar ana murza leda, hoto ya karkace, ya ɗauke. Direba ya zaro kaset ɗin, zaren ya biyo shi ya kai kamu uku, a tattaune. Na yi fuskar jimami, a zuciyata kuwa ina hamdala. Na ce shi ke nan, haka kayan da suke, ba su da tabbas. Uwargida ta turo tuwo da miyar kuka na mutum goma sha huɗu, wanda shi ma daga aljihuna ya fito, aka yi sahur, aka tafi masallaci. A hanya ne wani ya ji a rediyo cewa Barazil ce ta ci, karo na farko a tarihinta. Babu wanda ya kula.

Da hantsi ina shago sai ga saƙon murya daga ɗan baffana da ke Maraɗi. Babu gaisuwa, babu ya ibada, sai dariya da "Wallahi tsintarsa na yi!" Kafin azahar uku daga cikin masu ɗinkin Sallah sun faɗa min haka da na ce yadinsu bai isa ba. Ashe tun a kallo na biyu Auta ya saita wayarsa ya ɗauke tsaf, ya saka a zauren WhatsApp na dangi, daga nan abu ya yi fiffike. Na tambaye shi da wace datar, tunda ta ƙare. Ya ce yana da 'yar ta dare ta naira 100 da ya ɓoye saboda larura. Na ce buɗe ambulan ɗin ba larura ba ne? Ya ce shi ai ya san ba ma ciki.

A 2001 naira 200 da farantin shinkafa da wake aka ba ni ladan taɓaryar nan. Da daddare, bayan kowa ya kwanta, na ce bari dai in ga yadda abin ya fito a waya, don an ce har kiɗa wani ya sa masa. Sai da na sayi datar naira 500. An maimaita saukar taɓaryar sau huɗu, a hankali, da ƙarar ganga. Ina cikin karanta abin da mutane suka rubuta a ƙasa, na kai kan wani da ke tambaya ko akwai ci gaba, ɗan zoben ya fito.